Muryar da Kawu Ya Ajiye a Cikin Inji

Na Allah ne mu, wurinsa za mu koma, kuma Kawu ya riga mu tafiya. Ya rasu da hantsi, a zaune kan kujerarsa ta roba a ƙofar ɗakin aikinsa, da sukundireba a aljihun riga. Ba ciwo, ba jinya. Ni ba marubuci ba ne. Direban bas ne ni, Suleja zuwa Abuja, Abuja zuwa Suleja, karatuna bai wuce firamare ba. Na zauna rubuta wannan ne don na ga yadda ake soma mantawa da mutum tun ƙasar kabarinsa ba ta bushe ba.

A wurin zaman makoki kowa ya faɗi nasa. Liman ya ce Kawu mutum ne da ba ya wasa da jam'i. Wani tsohon abokinsa ya ce babu rediyon da ya taɓa yin shiru a unguwar nan da bai ratsa hannun Kawu ba. Maƙwabcinmu ɗan Kudu, mai shagon kayan wuta, ya zo ya durƙusa a bakin tabarma yana kuka kamar ubansa ne ya mutu, yana cewa da Hausarsa mai karyewa, "Baba ya tafi, Baba ya tafi, yanzu wa za ta zage ni da safe?" Mutane suka yi dariya, suna share hawaye.

Sai wani baƙo ɗan haya, wanda bai daɗe da zuwa daga Kano ba, ya sunkuyo ya tambayi na kusa da shi a hankali, "Wai shi ne mai ɗakin nan da ake jin matattu suna magana a ciki?"

Ni kuwa na san maganar gaskiya ce, kuma na san muryar wa ake ji.

Kawu ƙanin mahaifiyata ne. Da gyaran rediyo ya fara, ya koma talabijin, irin masu ƙaton ƙeyar nan da sai mutum biyu sun kama. Da talabijin suka koma shafaffu kamar faranti, aka daina kawo masa aiki, sai ya ce to, shi ma ya huta da mutane. Ya koma bin 'yan gwangwan masu sayen tsoffin ƙarafa yana tsinto tsoffin kwamfutoci da ofisoshin Abuja suka zubar. Wasu farare ne da suka koma ruwan ƙwai don tsufa. Wasu ma ba su da gilashinsu, a jikin talabijin ake haɗa su, kuma da kaset ake ba su aiki, ka ji suna ƙara kamar gyare kafin rubutu ya fito. Ba ya sayarwa. Ba wanda zai saya ma. Zai yi wata guda a kan guda ɗaya, ranar da ta tashi ta nuna koren rubutu sai ya aika a sayo masa tsire, ya ci shi kaɗai a gabanta.

Matarsa, da muke ce wa Gwaggo, takan leƙo ta ce, "Malam, wannan tarkacen dai da shi za a binne ka?"

Shi kuma ya ce, "Ke ma tarkace ce, ai ban zubar da ke ba."

"Allah ya shirye ka."

"Amin, tare da injinan."

Yana da dokoki, kuma ba ya maimaita su. Na koye su ne wata shekara da motata ta lalace, na rasa abin yi, nake zuwa ina zama a ɗakinsa, da gemuna da 'ya'yana. Doka ta farko: in za ka sa hannu cikin inji, ɗaya hannun ya zauna a aljihu, don kada wuta ta shiga ta wannan ta fita ta wancan ta bi ta kan zuciya. Na ji, ban ɗauka ba. Rannan na miƙa hannu biyu zan ɗaga masa wani talabijin da aka cire wa baya, wanda ba ma a jone yake ba. Ban san abin da ya faru ba. Na dai tsinci kaina a jikin bango, bakina da ɗanɗanon ƙarfe. Kawu ya taso ya taɓa wuyana, ya ɗaga fatar idona, da ya tabbatar ina numfashi sai ya zauna a ƙasa ya yi ta dariya har da tari.

"Ai a kashe yake!" na ce.

"A kashe yake, amma bai manta ba," ya ce. "Inji yana riƙe wuta a cikinsa kamar yadda mutum ke riƙe fushi."

Tun daga ranar nake tsoron wuta. Ina ratsa tsakanin tireloli a hanyar Zuma gabana bai faɗi ba, amma ko kwan fitilar ɗakina ya mutu sai dai matata ta canza.

Doka ta biyu: injin da ya daɗe yana barci ba a jona shi kai tsaye. Yana da wani katako da ya kafa wa soket da kwan fitila, tsohon kwai mai zare a ciki, ba irin na yanzu ba. Wuta sai ta bi ta cikin kwan kafin ta isa injin. In kwan ya haska ya dushe, lafiya. In ya haska ya tsaya da haske, akwai ciwo a ciki, maza a kashe. Yakan ce, "Kwai ya fara ɗanɗana, sannan a ba mara lafiya."

Doka ta uku ita ta sa aka ɗauke shi mahaukaci. Kawu yana wanke cikin kwamfuta da ruwa da garin sabulu, da tsohon burushin haƙori. Ranar da maƙwabcinmu ya fara ganin haka sai da ya ɗora hannu a ka. Kawu ya ce ruwa ba ya kashe inji, wanda ya kunna shi da danshi shi ke kashe shi. Yakan shanya fanel ɗin cikin injin a kan kwanon ɗaki kamar kuɓewa, ya ƙyale shi har sai ya gaji da bushewa.

Alherinsa ba na baki ba ne. Mutum ne mai zagi. Amma da labari ya bazu cewa yana iya kwashe abin da ke cikin tsohon kaset ya zuba a kwamfuta, mata suka riƙa zuwa da kaset a ƙulle a bakin zane. Wannan wa'azin mijinta ne, wannan waƙar bikinta ce, wannan saƙon ɗanta ne da ya tafi bai dawo ba. Wata tsohuwa daga Izom ta zo a ƙafa daga tasha. Bai taɓa karɓar komai ba. Zai zaunar da mutum, ya kunna masa, shi kuma ya fita waje ya ba shi wuri ya yi kukansa. Daga nan maganar matattu ta samo asali.

Inji ɗaya ya ware wa wannan aiki, wata tsohuwar kwamfuta mai tsayi da ke zaune a ƙasa, ƙarƙashin tebur. Babban ɗansa ya sha ce masa ya kwashe muryoyin ya zuba a waya. Kawu ya ce waya yau tana hannunka gobe tana hannun ɓarawo, injinsa kuwa ba mai ɗauka sai mai ƙarfin baya.

Yanzu faɗanmu. Lokacin da nake yaron mota a Legas, Inna, mahaifiyata, ta yi mini saƙo a kaset, yadda ake yi a da tunda ba ta iya rubutu ba. Direban da za a bai wa ya riga ya tashi. Kafin a sami wani, ta kwanta ta rasu, ina can. Kaset ɗin ya shige cikin kwalin Kawu aka manta da shi shekara da shekaru. Ranar da ya tsinto shi zaren ya soma manne wa juna. Sau ɗaya ya juya, Kawu ya kwashe abin da ke ciki, zaren ya tsinke ya zama gari.

Ya aika aka kira ni. Bai gaya mini dalili ba. Ya ce in zauna, ya danna wasu madannai biyu da ya shafa wa jan farce, sai kawai na ji daga cikin sifika, "Kai, wannan yaron..."

Ban tsaya na ji saura ba. Na tashi na ture kujera na fita ba takalmi. Matar da na tarar an riga an rufe ta da ƙasa, ita ce ke kirana a cikin ɗaki da rana tsaka. Na yi amai a bakin kwata. Kawu ya biyo ni yana cewa, "Ragon banza, uwarka ce!" Na ce masa abin da ya yi ba aikin Musulmi ba ne. Ya ce in bar masa gida. Muka yi watanni ba ma gaisawa sai a masallaci. Har yau ina nan a kan bakana: bai kyauta ba, ya kamata ya shirya ni. Da muka shirya bai ƙara tayar da zancen ba, sai sau ɗaya, ina fita, ya ce ba tare da ya ɗago kai ba, "Tana nan. Ba ta gaggawa."

Ni kuma na yi ta cewa sai na shirya. Ga shi ya tafi.

Washegarin sadakar uku na dawo gidan da safe, na tarar da ƙofar ɗakin aikin a buɗe, ruwa yana gangarowa daga ciki har tsakar gida. Matar babban ɗan Kawu ce. Yarinya ce mai kirki, ba ta yi don mugunta ba. An wanke kayan mamaci kamar yadda aka saba, ta ga ɗakin cike da ƙura da kashin ƙadangare, ga baƙi suna ta zuwa, sai ta ɗebo bokiti ta wanke shi tas. Ta watsa ruwa a ƙasa, ta watsa a ƙarƙashin tebur. Injin da ke ƙasa yana ɗiga ta ramukan bayansa.

Mijinta kuwa, taubashina, yana durƙushe da wayar wutar injin a hannu yana laluben soket.

Ban san na iya ihu haka ba. "Kada ka jona!"

Ya juyo a firgice. "Kai ɗan mace, lafiya? Za ka tayar da unguwa?"

"Ajiye wayar nan."

"Dubawa kawai zan yi in ga ko suna aiki. Mai gwangwan zai zo ya kwashe, an riga an yi wa wani alkawarin ɗakin. Ka san yadda haya take a garin nan."

"Innata tana ciki."

Ya dube ni, ya dubi injin. Ya san zancen, kowa a gidan ya sani. Ya ajiye wayar a hankali, amma bakinsa bai mutu ba. "To direba, me ka sani a kwamfuta? Sitiyari za ka ɗaura mata?"

"Ban san komai ba. Na dai san ba a kunna ta da danshi."

Idanunsa sun yi ja, shi ma ubansa ya rasa. Ya ce, "Zuwa ƙarshen mako. Bayan nan ba ruwana, bawana."

Maƙwabcinmu ya zo ya taya ni kwance murfin. A ciki akwai wani ƙarfe kamar gwangwanin kifi, ya nuna mini ya ce nan ne duk muryoyin suke. Ruwa ya taɓa gefensa. Na tambaye shi ko ya shiga ciki, ya ɗaga kafaɗa ya ce, "Oga, sai Allah." Ya ce shi kayan wuta yake sayarwa, bai taɓa gyara irin wannan ba, kuma ba zai taɓa ba, kada ta mutu a hannunsa.

Na ɗora ta a kan kwanon ɗaki yadda Kawu ke yi. Damina ce. Na ajiye motata, na zauna a tsakar gida ina kallon sama kamar manomi. Da hadari ya taso ta wajen Zuma sai in hau tsani in sauko da ita, rana ta fito in mayar. Abinci ba ya shiga. Abin da ke cina shi ne: ina da hoton Inna, fuskarta ba ta ɓace mini ba, amma muryarta ta tafi. In na rufe ido ina neman yadda take kiran kaji ko yadda take faɗa, ba na jin komai. Kalmomi uku ne suka rage mini, waɗanda na gudu na bari. Ina tsoron injin ya ƙone. Ina kuma tsoron ya tashi. Ban san wanne ya fi ba.

Gwaggo tana takaba, ba ta cika magana ba. Ta tagar ɗakinta take kallona ina hawa ina sauka. Rannan ta ce, "Haka shi ma yake yi. Sai dai shi yana zagin hadarin."

Ranar Asabar da hantsi aka kawo wuta. Mai gwangwan ya riga ya iso da kurarsa yana jira a waje. Na ɗauko katakon Kawu mai kwan fitila. Taubashina ya tsaya a bayana, maƙwabcinmu a bakin ƙofa, ƙafa ɗaya a waje. Na jona injin a jikin katakon. Na sa hannun hagu a aljihu.

"Ka ga ɗan mace," taubashina ya ce, "har da tsayuwar Baba."

Na yi bisimilla na danna.

Kwan ya haska fau, har na ga inuwar hannuna a bango. Na ce shi ke nan, akwai ciwo, yatsana ya tafi zai kashe. Sai hasken ya soma ja da baya, ya dushe, ya koma ja kamar garwashi. Fanka ta motsa a ciki.

"Ya dushe!" maƙwabcinmu ya yi ihu. "Baba ta ce in ya dushe lafiya!"

Na kashe, na cire katakon, na jona kai tsaye. Injin ya yi tari, ya yi ƙara ɗaya, farin rubutu ya fito a gilashi da Turanci. Taubashina ya karanta ya ce tana cewa a danna wani madanni. Muka duba, shi ne na farko mai jan farce. Na danna. Muka jira, ƙarfen nan yana ƙas-ƙas kamar ɓera a cikin kwali. Taubashina ya ciro wayarsa ya kunna ɗaukar murya ya kara a jikin sifika. Ya ce, "In za ka gudu ka faɗa mini in matsa."

Na riƙe bakin tebur. Na danna na biyun.

"Kai, wannan yaron. Kana jina?"

Ƙafafuna suka so tafiya. Na hana su.

Ba wani abu ta faɗa ba. Ta ce in riƙa cin abinci. Ta ce kada in kwana a ƙarƙashin mota, sanyi yana shiga ƙashi. Ta ce akuyar ta haihu, biyu, ɗaya bai yi rai ba. Ta ce in na ga atamfa mai ruwan ganye in tuna da ita, in ban gani ba ba komai. Ni ne ɗanta na fari, ba ta taɓa kiran sunana ba don kunya, a kaset ɗin ma ba ta kira ba. Muryarta ta fi yadda nake zato ƙanƙanta. Yarinya ce. Na girme ta yanzu.

Sai wata murya ta shigo daga gefe, ta namiji, matashi, kusa da na'urar.

"Yaya, ki matso, kaset na tafiya. Kuma ki kira sunansa mana, ba kowa a nan."

"Kai, tafi can, mara kunya."

Sai dariya. Dariyar nan mai ƙarewa da tari.

Kawu ya kwashe muryar rabin unguwa, bai taɓa ɗaukar tasa ba, ko a waya ba ya yarda. Ashe tana nan, a bayan ta yayarsa, shi ne ya riƙe mata rediyon ranar. Taubashina ya zauna a ƙasa, cikin danshin da bai gama bushewa ba, wayar na hannunsa, ya rufe fuska da hula.

Ban ji zuwan Gwaggo ba. Na juya na gan ta a bakin ƙofa, lulluɓe, ta dafa bango. Ita da kullum take cewa tarkace.

Ta ce, "Mayar da shi baya."

Na ce, "Gwaggo, ban san yadda ake mayarwa ba. Sai dai a sake daga farko."

"To sake."

Na sake. Muka saurari akuya da atamfa har muka iso wurinsa. Ta ce in ƙara. Na ƙara.

Taubashina ya fita ya sallami mai gwangwan da wasu matattun talabijin. Sauran kwamfutocin suna nan, wanda aka yi wa alkawarin ɗakin ya nemi wani wuri. Mun kwashe muryoyin da muka iya a wayoyi, duk wanda ya san ya taɓa kawo wa Kawu kaset ya zo ya karɓi nasa. Injin mai tsayi yana ɗakin Gwaggo yanzu, a kan tebur, ba a ƙasa ba. Na san wata rana zan danna ya ƙi tashi, kuma babu wanda zan kai wa. Har yanzu duk ranar da zan kunna mata, ta cikin kwan nake fara bi, hannu ɗaya a aljihu.

Allah ya jiƙan Kawu, ya yafe masa zaginsa, ya haskaka masa kabari. Allah ya haɗa shi da yayarsa a inda ba a tsoron komai. Mu da muka rage, Allah ya sa in tamu ta zo a sami wanda zai ce a mayar da mu baya.